Ƙwaya Uku Daga Baƙin Dutse

Unguwar Rimi, Kaduna
4 ga Nuwamba, 1991

Ɗana Ayuba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar Turawa? Ni ce Magajiya, matar Markus, wanda kakansa da kakan mahaifinka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na yi wannan bayani ne don rabonka da ni tun kana sakandare, kuma na san ba a ambaton sunanmu a gidanku. A wurin fasto na sami adireshinka.

Mu dai muna nan. Har yanzu ina buga tafireta a makarantar 'yan mata. Babanka Markus ne ba lafiya. Ranar Lahadin farko ta watan Yuni ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, bai miƙe ba. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi. Yana ji, yakan gyaɗa kai ko ya girgiza. Nakan yi masa wanka, in ba shi kunu, in tafi aiki, in dawo. Mutane suna ta ce mini sannu da ƙoƙari. Ni ban san ko ƙoƙari ba ne. Ina dai yi.

Ga dalilin takardata. Ka san a shekarar 1983 ya ɗebo duwatsu daga Baƙin Dutse na bayan garinmu Kurmin Sambo, ya yanka su a ofishinsu na binciken ma'adinai, ya ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli a madubin ƙara girma, ya ce lu'ulu'u ne, wanda kuke kira daimon. Ka san kuma da Kirsimeti ya faɗa wa mahaifinka, kafin wata guda gari duka ya hau dutsen da diga da shebur. Sauran ba sai na faɗa maka ba. Yayanka Dauda ne ramin da suka haƙa ya rufta wa, ba ɗana ba.

Abin da wataƙila ba ka sani ba shi ne abin da ya faru a nan. An kafa masa kwamiti. Suka ce irin wannan dutse ba ya ɗauko lu'ulu'u, suka ce zarton da ake yanka dutse da shi akwai garin daimon a bakinsa, shi ne ya zube ya ruɗe shi. Ɗaya daga cikinsu, yaron da shi ya koya wa aiki, ya ce, "Oga, zartonka ka gano." Aka yi dariya. Da aka zo rage ma'aikata, sunansa ne na farko.

Akwai akwati a ƙarƙashin gadonmu cike da duwatsun nan. Tun da ya kwanta, kullum sai ya nuna shi da hannun hagu. In na jawo, ya duba, in mayar. Fasto ya ce ilimin duwatsu kake yi, kuma kuna da na'urorin da babu su a nan. Ina roƙo ka duba mana. In ka ƙi, ban ga laifinka ba.

Ni ce mamarka,
Magajiya Markus


Leeds, Ingila
12 ga Janairu, 1992

Mama Magajiya,

Na gaishe ki, na gaida Baba Markus da jiki. Allah ya ba shi sauƙi. Ina lafiya. Takardarki ta yi sati bakwai a hanya, ta kuma yi sati uku a kan teburina kafin in iya amsawa.

Ki aiko. Shekara bakwai nake jiran dutsen nan ya shigo hannuna.

Amma ga yadda za a yi. Ki zaɓi babba guda, wanda zarto bai taɓa shi ba, wanda da guduma aka fasa shi daga jikin dutsen. Za ki gane shi, duk gefensa kaushi ne, babu wurin da ya yi sumul kamar tebur. Kada ki wanke shi, kada ki goge shi da komai. Ki naɗe shi a sabuwar leda. In akwai 'yan gilasan da ya manna ƙwayoyinsa a kai, ki haɗo da su, amma a wata leda dabam.

Bari in gaya miki abin da ya sa kwamitin bai yarda ba, don ba hauka suka yi ba. Lu'ulu'u ba wani abu ba ne illa sinadarin da ke cikin gawayi. Amma gawayin ba ya zama lu'ulu'u sai a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin da ya kusa nisan Kaduna zuwa Kano, inda nauyi da zafi suke matse shi. Narkakken dutse ne yake ɗauko shi zuwa sama in ƙasa ta yi aman wuta. Baƙin Dutse tsohon mai aman wuta ne, wannan gaskiya ne. Sai dai irinsa ba daga wannan zurfin yakan taso ba, kuma a hankali yake tahowa. Lu'ulu'un da ya daɗe a hanya cikin wuta ƙonewa yake yi, ko ya koma baƙin abin nan na cikin fensir.

Don haka ki sani, ba lallai in ba shi abin da yake so ba. Abin da na gani shi zan faɗa, ba zan tausaya wa kowa ba.

Ɗanki,
Ayuba


Unguwar Rimi, Kaduna
9 ga Maris, 1992

Ɗana Ayuba,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarka, na gode. Jikin babanka yana nan yadda yake. Bayansa ya fara miki saboda kwanciya, ina juya shi sau huɗu a rana.

Na yi yadda ka ce. Na zazzage akwatin a tabarma, ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Da na ɗaga wani mai girman kan jariri sai ya gyaɗa kai da ƙarfi. Shi ne na naɗe. Gilasan kuma guda shida ne a cikin gwangwanin taba.

Asma'u, 'yar maƙwabciyarmu Hajiya Hajara, za ta zo ƙasarku kwas na aikin jinya ranar ashirin ga wata, ita za ta kawo. Da uwarta ta ɗaga ƙunshin ta ce, "Magajiya, mutane suna aika kilishi da yaji, ke dutse?" Na ce dutse. Ta cire atamfa biyu daga akwatin 'yarta ta sa shi, ba ta ƙara tambaya ba.

Akwai magana guda. Na karanta inda ka ce shekara bakwai kake jiran dutsen nan, da inda ka ce ba za ka tausaya wa kowa ba. Na karanta ya fi sau goma. Ban karanta wa babanka wannan wurin ba, na tsallake. Ayuba, in ramuwa kake nufi, babu sauran abin da za ka rama a jikinsa. Mutumin da nake goge wa miyau ne. Ranar da aka binne Dauda ya je, mahaifinka ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Ka koma Kaduna." Ya komo, ya zauna a kujera kwana biyu da takalminsa a ƙafa. Tun daga nan bai sake taka Kurmin Sambo ba, ko da mahaifin naka ya rasu.

Duk da haka na aiko. Ba ni da wani wanda zan aika wa.

Mamarka,
Magajiya


Unguwar Rimi, Kaduna
17 ga Agusta, 1992

Ɗana Ayuba,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Wata biyar ke nan. Asma'u ta rubuto wa uwarta cewa hannu da hannu ta ba ka saƙon a tashar jirgin ƙasa, ka karɓa ka ce ka gode, ko shayi ba ka tsaya kun sha ba.

Na san ka ji abin da ya faru a garin nan a watan Mayu. Mu Allah ya tsare. Da abin ya taso mutanen layinmu suka gudu bariki, ni kuwa ba yadda zan ɗauki babanka. Hajiya Hajara ta zo da 'yan'uwanta mata biyu, muka sa shi a bargo muka ƙetare da shi zuwa ɗakinta. Kwana huɗu muka yi a can. Ana harbi a nesa, ina zaune ina tsince mata shinkafa. Ta dube ni ta ce, "Ke ba kya jin tsoro ne?" Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa mata. Na lalubi tsoron a cikina ban same shi ba, kamar yadda na daɗe ban sami kuka ba.

Malamai biyu na makarantarmu ba su dawo aiki ba. Ni na buga takardar neman waɗanda za su maye gurbinsu.

Babanka ya daina nuna akwatin. Yanzu ƙofa yake kallo in na dawo daga aiki, ya kalli hannuna ko akwai ambulan. In babu sai ya mayar da ido kan silin.

In ka jefar da dutsen, ka gaya mini, in san abin da zan ce masa. In kuma ka duba ka ga zarton ne, ka faɗa. Shirun ne ba shi da amfani ga kowa.

Magajiya


Leeds, Ingila
6 ga Oktoba, 1992

Mama,

Na gaishe ki da Baba Markus. Na gode wa Allah da ya tsare ku, ki kuma gode wa Hajiya Hajara a madadina. Takardunki biyu suna gabana. Na rubuto miki a ƙarshen Afirilu cewa saƙo ya iso kuma aikin zai ɗauki watanni. Ashe ba ta same ki ba. Ina jin rikicin ne ya ci ta.

Mama, ba ramuwa nake nufi ba. Ban iya rubutu ba ne. Ina aji biyar aka zo makaranta aka ce in zo gida. Da na iso an riga an tono gawar Dauda. A aljihun wandonsa akwai farar tsakuwa guda tara da ya tara, yana tsammanin lu'ulu'u ne. Ƙanƙarar dutse ce, irin wadda yara suke wasa da ita a rafi. Tun ranar nake son in san ko akwai wani abu a dutsen nan ko babu. Shi ya kai ni wannan karatu. Jiran da na ce ke nan.

Ga abin da na yi. Na farfasa dutsen da sabuwar guduma a ɗakin da ba a taɓa shigar da zarto ba. Na dafa garinsa a ruwan guba mai cin dutse, kaɗan-kaɗan, wata uku, har ya narke saura abin da bai cika cokalin shayi ba. Lu'ulu'u ba ya narkewa a wannan ruwa. Na zauna ina tsince ragowar da gashin buroshi guda ɗaya.

Na sami ƙwaya uku. Ƙwayar gishiri ta fi babbar cikinsu girma.

Sai na gwada su da na gilasan Baba. Ƙwayoyinsa goma sha ɗaya ne a kan gilasan shida. Bakwai daga ciki na zarto ne, babu shakka. Daimon ɗin zarto na masana'anta ne, rawaya ne, gefensa a tsare kamar an auna, kuma a cikinsa akwai ɗigon ƙarfen tukunyar da aka dafa shi. A nan kwamitin ya yi gaskiya. Amma sauran huɗun, da ukun nawa, dabam suke. Ba su da launi, ba su da ƙarfe, jikinsu duk ƙananan ramuka ne inda wuta ta fara cinsu a hanya ba ta gama ba. Akwai kuma wata iska da take maƙalewa a cikin lu'ulu'u, ana ce mata naitirojin. A na masana'anta a warwatse take. A waɗannan ta haɗu bibbiyu, abin da ba ya yiwuwa sai ƙwaya ta yi miliyoyin shekaru tana kwance cikin zafin ƙasa. Ba wanda zai iya ƙera wannan.

Na aika ɗaya wani ɗakin gwaji aka ƙone ta aka auna gawayinta. Mara nauyi ne, irin na abin da ya taɓa rayuwa. Malamina yana ganin wani abu ne da ya rayu a teku tun kafin a yi mutane, ƙasa ta haɗiye shi, ya sauka can, ya daɗe, sa'an nan wutar Baƙin Dutse ta fizgo shi. Yadda ta yi ta fizgo shi har yanzu ba mu sani ba.

Saboda haka Baba Markus ya ga abin da ya ce ya gani. Amma ko an niƙe dutsen nan duka, abin da za a samu ba zai sayi buhun masara ba, kuma ba mai ganinsa da ido. Babu abin da diga za ta tono.

Na ɗauka ranar da na sani zan ji wani abu. Na duba, na rubuta lamba a littafi, na rufe madubin, na je na ci dankali.

Saura tambaya. Malamina yana so mu buga wannan a mujallar masana, sunan Baba a farko, don shi ya fara gani. Mutanen tsohon ofishinsa za su karanta. Sai dai ba a karɓar irin wannan rubutu sai an faɗi sunan wurin da taswirarsa, don wani ya iya zuwa ya gwada. Ga takarda na haɗo, in ya yarda ya dangwala yatsa. Na rubuta wa mahaifiyata cewa na duba dutsen, amma ban iya gaya mata sakamakon ba.

Ɗanki,
Ayuba


Unguwar Rimi, Kaduna
14 ga Disamba, 1992

Ɗana Ayuba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe mini zaton da na yi maka. Jikin babanka da sauƙi kaɗan, mikin ya warke, yana iya riƙe kofi da hagu.

Ranar Asabar, sati biyu da suka wuce, takardarka ta zo. Na jingina shi da filo biyu na karanta masa duka, wannan karon ban tsallake komai ba, har da tsakuwar aljihun Dauda. Da na zo kan bakwai na zarto ya rufe ido. Da na zo kan ukun ya buɗe. Ya sa na maimaita wurin iskar nan da ta haɗu bibbiyu, yana gyaɗa kai a hankali kamar yadda yakan yi a da in ɗalibi ya kawo amsa daidai. Bai yi murmushi ba, bakin ma ba ya yi.

Sai na ɗauko takardar dangwalawa da tawada. Na ce, "A sa sunanka?" Bai motsa ba. Na ce, "Za a sa sunan Baƙin Dutse da taswira." Ya girgiza kai. Na ce, "Ayuba ya ce ba a yin ɗaya sai da ɗayan." Ya sa hannun hagu ya ture takardar ta faɗi ƙasa.

Na ɗauke ta na ce, "Markus, shekara takwas. An yi maka dariya a gaban yaranka. An kore mu daga gidan gwamnati da kaya a kan akori-kura. 'Ya'yanka sun girma ana ce musu 'ya'yan mai daimon. Ga shi an wanke ka, ka ce a'a?" Murya ta tashi har Hajiya ta leƙo ta taga. Ya bar ni na gama, ya sake girgiza kai, ya juya fuska bango.

Na fita tsakar gida. Rabon da in ji zafin rai irin wannan tun kafin ya kwanta. Na hau wanke tukunya. Kafin in gama zafin ran ya wuce, na koma yadda nake.

Na sake tambayarsa ranar Lahadi, na sake ranar Talata, kada ya zama bai fahimta ba. Ya fahimta. Ni ma na fahimta, ban dai so ba. Ka san yadda rayuwa ta yi tsada yanzu. In aka ji a rediyo cewa Turawa sun tabbatar akwai lu'ulu'u a Kurmin Sambo, ba mai tsayawa ya ji cewa gishiri ya fi shi girma. Ga takardarka na mayar maka babu yatsa. Ka ba malaminka haƙuri. Ban sani ba ko wannan zai ɓata maka karatu. In zai ɓata, ka gaya mini gaskiya.

Makon jiya na je gida bikin godiyar kaka, karo na farko tun wancan lokaci. Na bar babanka a hannun Hajiya. Ramukan suna nan a gindin dutsen, ciyawa ta rufe bakinsu, an ce akuya takan faɗa. Bayan sujada ina tsaye a gindin mangwaro sai ga mahaifiyarka, Maryamu, da kwando a kai. Na ɗauka za ta wuce kamar yadda ta saba in mun haɗu a Kafanchan. Ta tsaya.

Ta ce, "Ya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ce, "Ayuba ya rubuto wai ya duba dutsen. Akwai?"

Na ce, "Akwai. Amma ba wanda hannu zai iya ɗauka."

Sa'an nan ta ce, "To. Ba ƙarya Dauda ya bi ba ke nan."

Na ce, "Maryamu, don Allah kada ki faɗa wa kowa."

Ta gyara kwandonta ta ce, "Wa zan faɗa wa? Ina da sauran 'ya'ya maza biyu a garin nan."

Ta kama hanyar gida, ni kuma na tafi tasha.

Allah ya tsare ka, ya ba ka sa'ar karatu.

Ni ce mamarka,
Magajiya Markus